Manhajar Ofis: Haya Ko Saye?

Ranar 14 ga Oktoba, 2025 ta zo ta wuce shiru. A ofisoshin lauyoyi da na masu binciken kuɗi, da asibitoci masu zaman kansu da ƙungiyoyin agaji da suka mamaye tsoffin gidajen Nassarawa GRA, daga titin Sultan zuwa Lamido har Ahmadu Bello, an kunna kwamfutoci kamar kullum. Word ya buɗe, Excel ya yi lissafinsa, an buga wasiƙu an sa hannu. Amma daga wannan rana kamfanin Microsoft ya janye hannunsa daga Office 2016 da Office 2019. Manhajojin suna nan suna aiki, sai dai duk ɓarakar da aka gano a cikinsu nan gaba babu mai toshe ta. A ranar ce kuma wa'adin Windows 10 ya cika. Shi kuwa Office 2021, nasa wa'adin 13 ga Oktoba, 2026.

Don haka duk mai ofis, ko ya so ko ya ƙi, tambaya ɗaya tana jiransa: ya sayi sabon Office 2024 ya biya sau ɗaya, ko ya shiga Microsoft 365 ya riƙa biya duk wata ko duk shekara? Dillalai sukan amsa ta da jero abubuwan da kowace manhaja take iya yi. A ganina wannan shi ne ƙaramin ɓangaren maganar. Ga wanda yake samun kuɗinsa da naira, babban abin dubawa shi ne wane irin nauyi yake ɗora wa ofishinsa, da wane kuɗi za a biya shi, kuma me zai faru da takardunsa ranar da ya kasa biya.

Abin da ake saya a zahiri

Mazauna GRA sun fi kowa sanin cewa kalmar mallaka tana da iyaka. Tun daga Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978, filayen kowace jiha suna hannun gwamna a matsayin amana. Wanda ya ce ya sayi gida a Nassarawa, abin da ke cikin akwatinsa takardar izinin zama ce ta wasu shekaru, galibi 99. Haka manhaja take. Babu wanda ya taɓa sayen Word ya zama nasa. Abin da ake sayarwa lasisi ne, wato izinin amfani bisa sharuɗɗan mai ita.

A da bambancin bai dami kowa ba. Tun fitowar Office a kwamfutocin Windows a 1990, mutum yakan sayi faifai, ya saka, ya yi shekara goma yana aiki da shi, kamfanin kuma yana aiko da gyara. A 2011 Microsoft ya ɓullo da Office 365 ga kamfanoni, a 2013 ya buɗe shi ga ɗaiɗaikun mutane, a 2020 aka sauya masa suna zuwa Microsoft 365. A 2013 ɗin dai kamfanin Adobe, mai Photoshop, ya daina fitar da sababbin manhajojinsa na saye, ya koma haya zalla. Dalilin a fili yake. Mai saye sau ɗaya ba ya dawowa sai ya ga dama, ɗan haya kuwa duk shekara sai ya zo da ƙafarsa.

Microsoft bai rufe ƙofar saye ba, amma ya rage faɗinta. Office 2016 ya samu kulawar shekara goma. Office 2024, wanda ya fito a Oktoba 2024, shekara biyar kacal aka ba shi, zuwa Oktoba 2029, kuma ƙidayar tana farawa ne daga ranar fitowarsa, ba daga ranar da ka saya ba. Ke nan abin da muke kira saye a yau ya fi kama da hayar da aka biya ta shekaru a dunƙule. Sai dai akwai bambanci ɗaya mai nauyi: idan wa'adin ya cika ba a korar ka. Gidan yana hannunka, mai gida ne kawai ya daina gyaran rufi.

Lissafin dala

Bari mu ɗauki farashin da Microsoft ya sanya a Amurka a 2025, tunda farashin dillalanmu shi yake bi. Office Home & Business 2024, wanda ya ƙunshi Word da Excel da PowerPoint da Outlook kuma aka yarda a yi kasuwanci da shi, dala 249.99 ne ga kwamfuta ɗaya. Microsoft 365 Business Standard dala 12.50 ne a wata ga mutum ɗaya, wato dala 150 a shekara. Akwai ƙaramin tsari, Apps for business, a dala 8.25 a wata, kimanin dala 99 a shekara.

Ofishi mai tebur goma zai biya kimanin dala 2,500 idan ya saya. Idan ya yi hayar Business Standard zai biya dala 1,500 a shekara, dala 7,500 a shekara biyar. Kuɗin haya yakan cim ma kuɗin saye cikin wata ashirin, ko cikin wata talatin idan ƙaramin tsarin aka ɗauka. Daga nan duk abin da aka biya ƙari ne.

Wannan lissafi ɗan Amurka ma zai iya yin sa. Namu yana da ƙarin shafi. A farkon Yunin 2023 dala tana kusan naira 460 a farashin hukuma. A tsakiyar watan Babban Bankin Najeriya ya saki naira ta nemi darajarta a kasuwa, kafin ƙarshen Fabrairun 2024 dala ta haura naira 1,500. Hayar tebur goma ɗin nan, wadda ba ta ƙaru da ko sisi a dala ba, ta tashi daga kimanin naira 690,000 zuwa naira 2,250,000 a shekara. Lauyan da ke titin Lamido bai ninka kuɗin da yake karɓa sau uku a wannan tsakani ba, haka ma likita. Wanda ya sayi Office 2021 a farkon 2023 ya biya a tsohon farashi ya huta. Guguwar ta wuce ta samansa.

Wannan ne ginshiƙin maganata. Haya alkawari ne na biyan dala kowace shekara, daga aljihun da naira take shiga. Duk ɗan kasuwar Kantin Kwari da ya taɓa karɓar kaya bashi daga Sin ko Dubai ya san sunan wannan haɗari, ko da bai taɓa buɗe Excel ba.

Kuma farashin dalar kansa ba a tsaye yake ba. A Janairun 2025 Microsoft ya ɗaga hayar mutum ɗaya daga dala 69.99 zuwa 99.99 a shekara, ta iyali daga 99.99 zuwa 129.99, bayan ya cusa musu Copilot, manhajarsa ta ƙirƙirarriyar basira. A Oktoban shekarar hukumar kare masu saye ta Ostireliya ta maka kamfanin a kotu, tana zarginsa da ɓoye wa mutane kimanin miliyan 2.7 cewa akwai zaɓin ci gaba da tsohon tsari a tsohon farashi. Ko yaya shari'ar ta ƙare, ta nuna inda ƙarfi yake: mai gida ne yake yanka kuɗin haya, shi ne kuma yake zaɓar kayan da zai zuba a ɗaki.

Inda haya ta fi

Zai zama rashin adalci a tsaya nan. Dala 150 ɗin nan ba Word da Excel kaɗai take saya ba. Tana zuwa da adireshin imel mai sunan ofis, da ma'ajiyar intanet mai faɗin terabait ɗaya ga kowane ma'aikaci, da damar saka manhajar a kwamfutoci biyar na mutum ɗaya, ban da waya. Tana kuma ba shugaban ofis ikon rufe asusun ma'aikaci ranar da ya bar aiki, takardun ofis su zauna a ofis. Duk wanda ya taɓa bin tsohon ma'aikaci yana roƙon fayil ɗin da ya tafi da shi a kwamfutarsa ya san darajar wannan.

Ƙungiyar da ke da ma'aikata a Kano da Dutse da Katsina, suna haɗa rahoto ɗaya da mai ba da tallafi yake jira a Landan ko Abuja, haya ce ta dace da ita. Balle kuma idan tallafin da dala ko fam yake zuwa, domin a nan haɗarin canji ya kau: da kuɗin da ake samu ake biya. Ofishin da yake ɗaukar ma'aikata na wata shida don wani aiki ya sallame su, shi ma ba shi da dalilin sayen lasisin da zai zauna a ajiye.

Akwai kuma wata fahimta da ya kamata a gyara. Mutane da yawa suna ɗauka Microsoft 365 ba ya aiki sai da intanet. Idan tsarin da aka biya ya haɗa da manhajojin da ake sakawa a kwamfuta, suna aiki babu intanet, sai dai suna buƙatar leƙawa kamar sau ɗaya a wata su tabbatar an biya. Lokacin da Kano da yawancin Arewa suka shafe kwanaki cikin duhu a Oktoban 2024 saboda lalacewar manyan layukan lantarki, ɗan haya da mai saye duk janareta da sola suka nema. Wanda ya shiga uku shi ne wanda takardunsa suke ma'ajiyar intanet kaɗai, babu kwafi a kwamfuta.

Hujja mafi ƙarfi ta masu haya ita ce ta jari. Za su ce, a ƙasar da Babban Banki ya kai kuɗin ruwansa kashi 27.5 cikin ɗari a ƙarshen 2024, wa zai binne dala 2,500 a rana ɗaya alhali zai iya biyan 1,500 ya juya sauran? Za su ƙara da cewa naira ta ɗan farfaɗo a 2025. Maganar tana da tushe, kuma ga sabon ofishin da yake ƙirga kowace naira a watanninsa na farko tana iya zama ita ce daidai. Amma ribar juya dala dubu ɗaya na shekara guda ba za ta rufe gibin dala dubu biyar a shekara biyar ba. Tarihin naira kuma ba ya goyon bayan mai dogaro da farfaɗowa: a 2015 dala tana kusan naira 197. Mai tsara kasafin shekara biyar ya fi kyau ya yi aiki da tarihin shekara goma, ya bar labarin wata shida.

Ranar da aka kasa biya

Hausawa sun ce zanen aro ba ya rufe katara. Idan hayar ta ƙare ba a sabunta ba, Word da Excel sukan koma yanayin kallo: za ka buɗe takarda, za ka buga ta, amma ba za ka gyara ko harafi ɗaya ba, ba za ka buɗe sabuwa ba. A yawancin asusun kasuwanci, ƙa'idar kamfanin ita ce kwana 30 na sassauci, sai kwana 90 da mai kula da asusun kaɗai yake iya kwashe bayanai, daga nan a goge.

Wani zai ce ai sai a biya. A nan ne ya kamata mu tuna cewa a Najeriya samun kuɗi daban, samun hanyar biya daban. A 2022 bankuna suka rage abin da katin naira zai iya kashewa a waje zuwa dala 20 a wata, daga baya da yawansu suka rufe gaba ɗaya, sai a Yulin 2025 wasu suka sake buɗewa. Shekara uku mutane suna da kuɗi a asusu, amma sai sun bi ta asusun dala, ko katin wani kamfanin hada-hadar intanet, ko dillali, kafin su biya abin da bai kai kuɗin cefanen mako ba.

Sharuɗɗa ma suna sauyawa daga nesa. Shekaru da dama Microsoft yana ba ƙungiyoyin agaji lasisi goma na Business Premium kyauta. A 2025 ya sanar da janye wannan kyauta daga watan Yuli, ya bar musu ƙaramin tsarin da ake amfani da shi ta intanet da kuma rangwame. Ƙungiyar da ta gina aikinta a kan kyautar sai ta wayi gari da sabon layi a kasafi. A Oktoban 2019 Adobe ya sanar da masu hayarsa a Benezuwela cewa zai rufe asusunsu saboda takunkumin Amurka, sai da ya samu izinin gwamnatinsa sannan ya fasa. A 2022 Microsoft ya dakatar da sabon ciniki a Rasha. Babu alamar Najeriya tana kan wannan hanya, amma misalan sun nuna cewa makullin ɗakin da kake haya yana iya kasancewa a hannun wanda ba ku taɓa ƙulla ciniki da shi ba.

Hanyoyi biyun da ba a faɗa a taro

Gaskiyar da kowa ya sani ita ce kwamfutoci da yawa a Kano ba haya suke ba, ba kuma saye ba. Ana sayo su a titin Beirut ko Farm Centre da Office a ciki, ko mai gyara ya saka shi a kan ɗan abin da bai taka kara ya karya ba. Binciken da ƙungiyar kamfanonin manhaja ta BSA ta fitar a 2018 ya ƙiyasta cewa kusan kashi 80 cikin ɗari na manhajojin da ke kwamfutocin Najeriya ba su da lasisi. Dalilin ba ɓoyayye ba ne: a 2025 dala 250 ta ninka mafi ƙarancin albashi na naira 70,000 fiye da sau biyar.

Ana iya fahimtar ɗalibi. Ofishin da yake riƙe da sirrin mutane kuwa ba shi da wannan uzuri. Kafin a fasa makullin manhaja, sau da yawa sai an kashe mai gadin kwamfutar, sannan a shigar da wani abu da ba a san wanda ya ƙera shi ba. Ta irin wannan ƙofa ce ƙwayoyin cutar da ke garkuwa da fayiloli suke shiga, su kulle komai su nemi kuɗin fansa. Dokar Kare Bayanai ta Najeriya ta 2023 ta ɗora wa duk mai riƙe da bayanan mutane nauyin tsare su, ta kuma wajabta sanar da hukuma cikin sa'o'i 72 idan aka yi kutsen da zai iya cutar da su. Asibitin da sakamakon gwajin marasa lafiyarsa ya fita ta fasasshiyar manhaja ba shi da abin cewa. Haka kuma lasisin da ake tallatawa a intanet a kan naira 'yan dubbai: abin da mai shi yake sayarwa dala 250, idan ka same shi a kuɗin kwanon shinkafa, tambayi kanka daga ina ya fito. Araha ba ta ado.

Ɗaya hanyar halal ce kuma kyauta. LibreOffice, wanda wata gidauniya mai zama a Jamus take kula da shi tun 2010, yana rubutu, yana jadawalin lissafi, yana buɗe fayilolin Word da Excel, kuma ba ya tambayar katin banki. A 2024 jihar Schleswig-Holstein ta arewacin Jamus ta yanke shawarar mayar da kwamfutocin gwamnati kimanin 30,000 zuwa gare shi, tana mai kafa hujja da 'yancin iko da bayananta. Sai dai shi ma yana da nasa kuɗin, wanda ake biya da lokaci. Takarda mai tebura da ado da yawa takan ɗan karkace idan ta ratsa tsakaninsa da Word, kuma jadawalin akanta mai ɗauke da umarnin da aka rubuta musamman don Excel ba lallai ya yi aiki ba. Birnin Munich ya ɗauki irin wannan hanya tun 2003, a 2017 majalisarsa ta zaɓi komawa Windows. Wanda zai bi ta sai ya ware lokacin koyar da ma'aikata.

Matsayata

Kuskuren da ya fi yawa shi ne ɗaukar ofis a matsayin abu ɗaya, a saya wa kowa iri ɗaya. Tebura sun bambanta. Akwai na sakatare da na mai karɓar baƙi, inda aikin bai wuce wasiƙa da rasit da jerin sunaye ba. Wannan LibreOffice ya ishe shi. Akwai na akanta da na lauyan da yake musayar takardu da kotu da abokan hulɗa, waɗanda suke buƙatar Word da Excel na ainihi amma a kwamfuta ɗaya suke zaune. Waɗannan a saya musu Office 2024 sau ɗaya, kuma gara yau da gobe, tunda wa'adinsa tafiya yake. Sannan akwai 'yan ƙalilan da aikinsu yake yawo tsakanin gari da gari, tsakanin waya da kwamfuta, suna rubutu tare da wasu. Su ne suka cancanci haya. Ofishi mai tebur goma zai iya tarar da cewa uku ko huɗu ne kawai a wannan rukuni.

Ko wanne aka zaɓa, akwai abubuwan da ba su da alaƙa da farashi. Asusun da aka yi rajistar lasisi da shi ya kasance da sunan ofis, kalmar sirrinsa tana hannun mai ofis, domin da yawa ba sa gano cewa da imel ɗin mai gyara aka yi rajista sai ranar da suka sauya kwamfuta. Kowace takarda mai muhimmanci ta kasance tana da kwafi a faifan ajiya da ke cikin ofis, wanda ake sabuntawa a rana sananniya, kuma duk yarjejeniyar da aka kammala a ajiye ta a PDF, wanda kowace na'ura take buɗewa. Idan haya ake yi, a rubuta ta a kasafi da dala, a bar mata sarari. Idan saye aka yi, a rubuta ranar ƙarewar wa'adi a inda ido zai gani, a fara tara kuɗin magajinsa tun da sauran shekara biyu.

Manhaja za ta tsufa, kamfani zai sauya suna da farashi, kwamfutar ma wata rana za ta ƙi tashi. Abin da ofis yake rayuwa a kansa shi ne yarjejeniyar filin da aka rubuta shekara goma da suka wuce, da tarihin jinyar mara lafiya, da lissafin harajin da hukuma za ta iya nema a kowane lokaci. Kafin mai ofis ya sa hannu a kan kowane tsari, ya tambayi dillali abu ɗaya: idan na daina biyanka gobe, zan iya buɗe waɗannan takardu in yi aiki da su jibi? Amsar da ya samu ita za ta nuna masa ko farashin da aka faɗa masa shi ne farashin gaskiya.